Kek Mai Indararo

A shekarun da kuɗin man fetur suka ɓarke a ƙasar nan, har masinjan ofis ya sayi rediyo mai kaset yana yawo da ita a kafaɗa, an yi wani mutum a Kankara ana ce masa Audi. Gidansu magina ne tun kaka da kakanni, shi ma cikin laka ya buɗe ido, amma duk duniya ba abin da ya tsana kamar a kira shi magini. Ya taɓa zuwa Kaduna cin rani, ya dawo da wata doguwar farar hula da cokali mai yatsu soke a aljihun gaba, ya ce daga ranar sunansa Audi Kuku.

Ni kuwa ba zan ɓoye muku ba, yaɓen bangon kicin aka ɗauke shi a gidan wani Bature injiniyan hanya. Wata rana yana kan tsani ya leƙa ta taga, ya ga matar Baturen ta murza wani farin ƙulli da kwalba har ya yi faɗi kamar mayafi, ta ɗaga shi ta lulluɓe kek da shi, ta datse gefe da wuƙa, ta dasa furanni a kai. Iyakar karatun girkin Audi ke nan. Abin da aka zuba a ƙullin ma bai gani ba, lokacin ya sauka ɗebo kwaɓi.

Amma in ka zauna a bencin ƙofar gidan burodin Mani, inda Audi ke wuni, wani labarin za ka sha.

"Ranar da zan baro Kaduna," in ji Audi, "matar Baturen ga har da hawaye. Ta ce, Audi, in ka tahi wa za ya ciyar da mu?"

Mani mai burodi taubashin Audi ne, ɗan Goggonsa, don haka ba ya raga masa ko kaɗan.

"Da wane yare ta hwaɗa maka?"

"Da Turanci mana."

"Kai kuma ka amsa da mi?"

"Da Turanci."

"To yi mana kaɗan mu ji."

"Ba a yin shi da rana tsaka, ƙishirwa shike sawa."

A gida kuwa ɗakin matarsa Talatu yoyo yake yi tun daminar bara, Audi ya ƙi taɓa shi, wai hannun da ya riƙe farantin Bature ba ya komawa laka. Duk sanda ta yi magana sai ya ce ta ƙara haƙuri, aikin kuku na nan tafe a gidan wani babban mutum, za a ba su ɗakin siminti mai ƙwan lantarki. Wannan ɗakin kam da gaske yake son sa. Ya gaji da faso a ƙafa, ya gaji da ganin Talatu tana jera kwanoni a ƙasa duk sanda hadari ya haɗu.

Ran nan, ana tsakiyar bazara, sai ga wata farar Marsandi ta tsaya a ƙofar gidan burodin. Alhaji Gide ne, ɗan kwangilar Faskari, wanda bai daɗe da gama gidan bene ba, ya sa masa janareta da firji. Yana riƙe da hannun 'yarsa Barakatu. Aka gaisa, ya dubi Mani.

"Malam Mani, ɗiyar ga tawa ta je gidan ƙawarta a Zariya, ta ga wani biki da suke ce ma bazde, an yanka kek mai rigar sukari. Tun da munka dawo ta hana ni sakat. Juma'a ta sama take cika shekara bakwai, na kuma gayyato mutane har daga Sabuwa. Kana iyawa?"

"Alhaji, jikin kek ɗin dai in gasa maka, ba wuya. Rigar ce ban taɓa gani ba." Sai Mani ya juya a hankali, mugunta fal fuskarsa. "Amma ka taki sa'a. Ga Audi Kuku nan zaune, wanda Turawa ke kuka in ya tahi."

Audi ya waiwaya. Benci cike da mutane, kowa ya zuba masa ido. Da mai hankali ne da sai ya ce hannunsa na ciwo. Shi kuwa sai ya gyara zaman hula.

"Rigar sukari? Alhaji, ai ita ce ƙaramin aikina. Wace iri kake so, ta Ingila ko ta Jamus?"

"Wacce ta hi?"

"Ta Ingila ta hi ƙarko."

"To ita za ka yi. In ta burge baƙina, kicin ɗin gidana naka ne, da ɗaki a bayan gida, kai da iyalinka."

Barakatu ta ja gefen rigar Audi. "Baba Audi, ruwan hoda nake so, mai fure."

"Fure har sai kin ture, ɗiyata."

Washegari direban Alhaji ya sauke kwalayen sukari mai ƙwaya, da fulawa, da ƙwai, da gwangwanin bota. Mani ya gasa kek ƙato mai kusurwa huɗu, ya aiko da shi a tire yana ƙamshi, tare da saƙon cewa a gaida babban kuku.

Audi ya zauna ya yi lissafinsa. Abin da ya gani a Kaduna fari ne, kuma an ce sukari ne, to ai magana ta ƙare, sai a mai da sukari gari. Ya jawo ƙaramin turmin Talatu.

"Maigida, wanga turmin yaji ne hwa."

"Kin taɓa zuwa Kaduna?"

"A'a."

"To bar ni da aikina."

Namiji da taɓarya a tsakar gida ba abin da ake gani kullum ba ne. Kafin a jima kawunan matan maƙwabta sun jeru a kan katanga. Goggo, wadda gidanta ke jikin nasu, ta shigo da kujerarta, akuyarta na biye da ita, ta samu inuwa ta zauna. Audi ya dinga daka, garin sukari da tsohon yaji suka tashi sama, ya saki atishawar da ta tura doguwar hular cikin turmi. Ya ciro ta ya kakkaɓe, ya ce haka ake gwada laushin gari.

Ya zuba ruwa ya gauraya. Da yake ba ya so ya ɓata kek, sai ya kifa ƙwarya ya fara gwaji a kanta. Ya tsiyaya haɗin, haɗin ya gangara ta kowane gefe ya malale a ƙasa, ƙwarya ta fito tsirara kamar yadda aka kifa ta.

"To ita rigar ina take?" in ji Goggo. "Ni dai koko nike gani."

"Hutawa take yi, Goggo. Haka aka saba barinta ta huta."

Tana cikin hutawar ƙudan zuman kukar bayan gida suka samu labari. A bazara kuwa, ruwa da zaƙi a wuri ɗaya, ba sai an aika musu goron gayyata ba. Kawunan da ke kan katanga suka ɓace lokaci guda. Talatu ta faɗa ɗaki ta ja ƙyaure. Goggo, wadda kullum take kukan gwiwa, ta riga akuyarta kai wa ƙofa. Audi ya tsaya kare sauran sukari da hula, aka yi masa rabonsa a fatar ido.

Da la'asar ya je benci da ido ɗaya a kumbure.

"Kuku, mi ya samu idonka?" in ji Mani.

"Tururin aiki ne. Duk babban kuku da shi ake gane shi."

Gwaji na biyu Audi ya ƙara fulawa da bota, haɗin ya yi kauri ya dunƙule. Ya cire ƙyauren ɗakinsu ya shimfiɗa a tsakar gida, ya samo kwalbar man ja ya murza, ya murza, sai ga abu ya baje fari fat, sak irin na matar Bature. Murna ta kama shi har ya aika a kira Goggo da matan katanga su zo su shaida. Ya sa hannu biyu ya ɗaga rigar sama yana juyawa da ita don kowa ya gani. Rana ta bugi bota. Rigar ta fara tsawo, ta yi tsawo, ta rarake a tsakiya har fuskar Audi ta bayyana ta cikin ramin, sannan ta rabu biyu. Rabi ya manne masa a ƙirji. Rabin da ya kai ƙasa akuyar Goggo ta cafe shi ta zagaya gida da gudu, yana jan ƙasa a bayanta.

"To ita dai ta samu riga," in ji Goggo.

Tun daga ranar akuyar ta ɗauki Audi uban gida. Ya je benci tana bayansa, ya je rijiya tana lasar masa wando, ya shiga masallaci ta kwanta a kan takalmansa tana jira.

A nan fa tsoro ya kama Audi na gaske. Sukari ya yi rabi, Juma'a na matsowa, ga Talatu har ta fara ɗaure kwanoninta a tsumma tana gaya wa maƙwabta za su koma Faskari. Ya zauna ya zabga tagumi yana kallon katangar da babansa ya gina, wadda damina nawa ta wuce a kanta ko gezau. Can sai ya miƙe zumbur. Ashe shi yake wahalar da kansa. Duk abin da aka shafa wa wani abu don ya rufe shi ya yi kyau, ai yaɓe ne. Matar Bature ma yaɓe ta yi, ba ta dai iya ba ne, shi ya sa nata ya yi laɓo-laɓo.

Ya shiga kasuwa ya sayo ƙaro, irin wanda ake sa wa hula ta tsaya, ya jiƙa shi ya yi danƙo. Ya dama sitatin guga. Ya fasa sauran ƙwan ya tsiyaye farin. Ya tafasa zoɓo saboda ruwan hodar da yarinya ta ce. Ya juye duka a babban kwano tare da garin sukari, sannan ya naɗe ƙafar wando ya wanke ƙafafunsa tas.

Talatu ta fito da sauri. "Maigida, mi za ka yi?"

"Kwaɓi mana. Ba ya haɗuwa sai an taka."

"Wallahi in ka sa ƙahwa cikin abincin ɗiyar mutane, gidanmu za ni."

Dole ya haƙura ya kirɓa da taɓarya, yana gunaguni wai mata ba su san aiki ba. Kwalba kuwa ya jefar da ita. Ya shiga ɗaki ya laluba ƙarƙashin gado, ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohon buhu.

Goggo ta ƙanƙance ido. "Audi, wanga ba cokalin ginin ubanka ba ne?"

"Kama ce suka yi, Goggo. Wanga wuƙar kuku ce, daga Kaduna."

Ku zo ku ga aiki. Mutumin da ya kasa riƙe kwalba, da cokalin nan ya shiga hannunsa sai ya zama wani daban. Ya ɗebi kwaɓi ya watsa wa kek, ya ja, ya daidaita kusurwa, ya rufe ido ɗaya, ya duba miƙewar gefe da mai lafiyar. Ya hau da shi kan soro ya shanya a rana, don ba a ɗora shafi a kan ɗanyen shafi. Da ya bushe ya ƙara wani, ya sake shanyawa, ya ƙara wani. Ya samo dutse mai santsi ya goge shi har yana ɗaukar ido. Daga nan abin ya fi ƙarfinsa. Ya tsayar da zanko a kowace kusurwa, irin na saman soro. Ya zana dagi a gaba, ya fito da Marsandin Alhaji a gefe har da tayoyi. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga saura abu ɗaya: ba a barin rufi ba mafitar ruwa, ga shi kuwa abu yana kwana a kan soro, hadarin farko na iya faɗowa. Ya samo guntun kara mai rami ya huda gefe da shi tun kafin shafin ya gama ƙamewa, ya tura shi har cikin tsokar kek. Indararo ya samu.

Da safe Talatu na shara ta ga layin tururuwa ya hau bango ya nufi soro, wani layin na saukowa, kowace da ɗan abu a baki. Cinnaku ma sun bi sahu.

"Maigida, baƙi hwa sun yi maka yawa a sama."

Audi ya hau ya duba. Yaɓe na nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ya yi dariya.

"Su zo da kakanninsu. Haƙorin da za ya kama wanga aiki ba a halicce shi ba tukuna."

Ranar Juma'a da hantsi ya sauko da kek, Talatu ta zagaya shi tana kallo.

"Ya yi kyau kam, kamar gidan Hakimi. To ina furen yarinya?"

Audi ya dafe kai. Ya manta shaf. Ya kankaro ɗan kwaɓin da ya rage a kwano, ya mulmula wani abu mai kama da furen kabewa, ya duba ko'ina zane ya cika, sai ya liƙa shi a bakin indararo ya toshe shi ruf.

Mani ya rufe gidan burodi ya ce ko da rarrafe sai ya je Faskari. Suka hau motar kasuwa, aka ɗora kek can saman buhunan masara, Audi na riƙe da gefen tiren. Akuyar Goggo ta bi motar da kuka har bakin gari. Ana cikin tafiya, a wani gangare, direba ya faɗa rami. Tire ya yi sama, kek ya yi nasa wuri, ya daki bakin bodi, ya dira a titi, ya mirgina ya gangara cikin kwazazzabo. Audi ya ƙwalla salati. Aka tsaya, fasinjoji suka sauka suna yi masa jaje tun kafin a ga gawar.

Tiren ya lanƙwashe kamar an taka shi da mota. Kek kuwa yana zaune a gindin wata sabara, ko zanko ɗaya bai karye ba. Audi ya ɗauko shi ya hure ƙura, ya ɗaga sama.

"Kun gani? Ta Ingila ke nan! Da ta Jamus ce da yanzu sai dai a share."

Mani ya karɓa ya jinjina, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. "Audi, kek ɗin da na gasa ya hi haka nauyi. Kuma wanga ƙara shike yi kamar tulu."

"Kai dai tsaya ga burodinka."

A Faskari an kafa rumfa a ƙofar gidan bene, an jera kujerun ƙarfe, ga lemon kwalba a cikin baho, ga mahauci na gasa rago a gefe, an ɗauko mai hoto tun daga Funtuwa. A kujerar gaba Alhaji Almu ne na Sabuwa, shi ma ɗan kwangila, wanda ba don kowa aka yi rabin wannan hidima ba sai don ya gani. Yana da haƙorin Makka guda a gaba, saboda haka ko gaisuwar mutuwa ya je da murmushi yake yin ta.

Da aka ɗora kek a tebur wuri ya ɗauki sowa. Alhaji Gide ya ga Marsandinsa a jiki, baki ya ƙi rufuwa. Barakatu, cikin sabuwar riga, ta yi tsalle ta nuna furenta. Audi ya tsaya a bayan tebur da doguwar hula, hannu a baya, yana jin ƙamshin ɗakin siminti a hancinsa.

"Malam Kuku," in ji Alhaji Almu, "a ina ka yi karatu?"

"Wurare da dama, Alhaji. Ba na son yawan hwaɗa."

Aka kawo kyandir bakwai a soka. Na farko ya karye, na biyu ya karye. Audi ya ce a ba shi ƙusa, ƙusa ta lanƙwashe. Daga ƙarshe ya ɗiga narkakken kyandir ya liƙa su a tsaye, ya ce ai haka ma ya fi zamani. Barakatu ta hure, aka tafa. Mai hoto ya durƙusa ya saita. Alhaji ya kama hannun 'yarsa, su biyu suka riƙe sabuwar wuƙa mai ƙyalli, suka danna.

Wuƙa ta yi ƙiiii, ta zame.

"Ɗan ƙara ƙarhi, Alhaji," in ji Audi. "Ta Ingila ce."

Alhaji ya janye hannun yarinya ya danna da nasa biyu. Wuƙa ta karye daga ƙota, ruwanta ya yi tsalle ya faɗa bahon lemo. Aka yi dariya kaɗan, irin ta ladabi. Aka kira mahauci. Ya zo yana wasa wuƙarsa, ya ce shi da ya fasa kan bijimi ba a kawo masa maganar burodi. Ya sara, ya sake sara, ya duba bakin wuƙarsa ya ga ya yi giɓi, ya dubi Audi irin kallon da ba a yi wa mutumin kirki. Ya koma ya ɗauko adda. Ya ja baya ya kai sara da iyakar ƙarfinsa, zanko ɗaya ya ɓalle, ya tashi sama ya faɗa a cinyar Alhaji Almu.

"Madalla, rabona ya zo har gida," in ji Alhaji Almu. "Bari mu ɗanɗana abin Turawa."

Ya kai baki ya gatsa. Ƙas! Kowa ya ji. Ya fito da zankon a hankali, sai ga haƙorin Makka a tsaye a jikinsa yana walƙiya. Alhaji Almu ya rufe baki da hannun riga, murmushin shekara da shekaru ya ƙare a nan.

Fuskar Alhaji Gide ta haɗe. "Kuku, mi ka sa cikin abin ga?"

"Sirrin sana'a ne, Alhaji. Amma in an bi ta wajen Marsandin, nan ya hi laushi."

"Ku kira mani lebura da guduma!"

Wani ƙato ya zo daga wurin da ake ginin katanga, da gudumar fasa dutse. Ya tofa yawu a tafi ya ɗaga. Dukan farko ƙafafun tebur suka baje, kek ya sauka ƙasa a zaune, kyandir ɗaya ne kawai ya faɗi. Baƙi suka taso suka kewaye shi, har da masu tsugunawa don su gani da kyau. Audi na ta addu'a a zuci, shi kansa bai san ko so yake ya fashe ko kada ya fashe ba. Ƙaton ya ja numfashi ya sake saukewa.

Ya fashe. Ciki wayam, kamar an share ɗaki. Tururuwa sun yi kwana da kwanaki suna jidar kek ta indararo, ba su bar komai ba sai ɗan dunƙule a kusurwa. Cinnakun da fure ya toshe wa hanya kuwa suna nan a ciki, an wuni ana jijjiga su a mota, an jefar da su a kwazazzabo, an sare su da adda, yanzu kuma ga guduma. Suka fito baƙi ƙirin, ransu a ɓace, suka tarar da ƙafafun manyan mutane a jere.

Ban taɓa jin an tuɓe babbar riga da sauri irin na ranar ba. Alhazai suka dinga tsalle suna marin cinyoyinsu. Wani ya taka bahon lemo ya zauna a ciki. Mahauci ya yar da adda ya haye kan teburin nama. Alhaji Almu na gudu zuwa motarsa, hannu ɗaya a baki, ɗaya a cikin wando, zankon da haƙorinsa a hammata. Mai hoto dai bai yi asarar zuwa ba, a nan ya ɗauki hoton da ya fi kowane fitowa. Mani ya jingina da turken rumfa yana dariya har da hawaye, cinnaku na cizonsa bai ma sani ba.

Audi bai motsa ba. Duk abin nan ba wanda ya soke shi kamar kukan Barakatu, wadda ta tsaya a kan kujera cikin sabuwar rigarta tana kallon ɓaraguzan bikinta. Kunya ta rufe shi, tausayin yarinyar ya kama shi. Ya tsuguna ya tona cikin ɓaraguzan, ya samo furen nan bai fashe ba, ya kakkaɓe shi ya goge da hularsa ya miƙa mata.

"Kada ki ciza, ɗiyata. Tsotsa za ki yi."

Ta karɓa tana shessheƙa, ta lasa. Ta sake lasa. "Akwai zaƙi," ta ce, ta ci gaba da kukanta a hankali da fure a baki.

Da ƙura ta lafa, Alhaji Gide ya dawo daga cikin gida da wata rigar, yana susar ƙugu. Ya sunkuya ya ɗauki ɓallin yaɓen, ya juya shi, ya karce shi da makullin mota, bai kartu ba. Ya buga shi da dutse. Ya daɗe yana kallon kaurinsa da santsinsa.

"Wa ya koya maka wanga shahi?"

Audi ya buɗe baki zai ce Kaduna, Mani ya riga shi. "Gadon gidansu ne, Alhaji. Rabin katangun Kankara ubanshi ya yaɓe su."

"To ji nan. Kicin ɗina, ko ruwan zahi ba za ka dahwa a ciki ba, ɗakin kuma direba zan ba. Amma ina da gini a Sabuwa, duk yaɓen da magina suka yi zubewa shike. Jibi ka je wurin helma, shugaban ma'aikatan, ka ce ni na turo ka. Ka tahi da cokalinka."

"Alhaji, ni hwa kuku..."

"Jibi, da sassahe."

A motar komawa Audi ya naɗe hular ya cusa a aljihu. Yana ta tunanin yadda zai shiga gida ya ce wa Talatu ta kwance kwanoninta, abin na ci masa rai ƙwarai. Har Mani sai da jikinsa ya yi sanyi, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi, Audi ya karɓa bai dube shi ba. Aka wuce gangaren, aka wuce gonaki, shiru.

Can wani baƙo da ke zaune a kan buhu kusa da su, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya gaji da shirun ya ce, "Malam, halan kai mi kake sana'a?"

Audi ya dubi hannuwansa, ga busasshen kwaɓi ruwan hoda a ƙarƙashin farce. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Injiniya ne ni. Yanzu haka roƙona ake in je Sabuwa in ceto wani babban aiki. Ka san babbar gadar Kaduna?"

Mani ya buga bodin mota da tafin hannu.

"Direba, tsaya in sauka! Na ƙarasa da ƙahwa."